Kai mai jita a zango, ga yadda zaka shiga wasan siteji mai waƙa ba tare da an rufe maka ƙofa ba

Wannan rubutun na yaranmu ne masu band a Nima, Mamobi, Sabon Zango, Madina, har da na Aboabo da Asawase can Kumasi, waɗanda suka iya jita da dram suna jin rok a jininsu, kuma yanzu ido ya fara kaiwa ga wasan kwaikwayo na siteji wanda ake yi da waƙa, irin wanda ɗan wasa zai yi magana ya yi magana sai kawai ya ɓarke da waƙa labari na ci gaba. Abin yana da daɗi, akwai abinci a ciki, amma mutanen wannan harkar suna da nasu hali, kuma manyan mawaƙan rok na duniya da suka fi mu kuɗi da suna sun shiga wasu an yi musu tafi wasu an koro su da kunya. To gara ka san me ya raba su kafin ka ɗau jitarka ka hau trotro zuwa rihaza.

Abu na farko, cire wannan tunanin daga kanka cewa 'yan wasan siteji sun tsani rok. Ba su tsane shi ba wallahi. Tun 1968 wasan Hair ya hau Broadway, unguwar manyan gidajen wasan siteji a New York, da jita mai wuta da dram, jama'a suka yi ta cika wurin. A 1996 Rent ya zo da sautin rok ya ci har kyautar Pulitzer. Spring Awakening na Duncan Sheik, wanda mawaƙin rediyo ne kafin nan, ya kwashe kyautar Tony guda 8 a 2007, kuma Tony ita ce babbar kyautar wasan siteji a Amurka. Abin da suke ƙi shi ne mutumin da zai shigo yana ganin waƙarsa ce sarki, labari da 'yan wasa da darakta duk fadawa ne. A wajensu labari ne sarki, waƙa aiki take masa. In ka riƙe wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Dubi Paul Simon, mawaƙin Amurka. Mutumin da babu mai ja da iya rubuta waƙarsa. Ya yi shekaru yana haɗa wasan The Capeman tare da marubuci Derek Walcott wanda ya ci kyautar Nobel, ya kawo mawaƙa Marc Anthony da Ruben Blades, kaga ai babu ƙaramin mutum a ciki. Amma ya shigo yana nuna shi bai damu da yadda Broadway ke yin abinta ba, ya riƙe ragamar komai a hannunsa, aka yi ta canza darakta, aka buɗe a Janairun 1998 aka rufe bayan wasa 68 kacal, kuɗi wajen dala miliyan 11 suka tafi. Kuma abin da ya kamata ka lura da shi, da yawa cikin masu sharhi ba su ce waƙoƙin ba daɗi ba, sun ce waƙoƙin suna tsaye ne wuri ɗaya, mutum ya fito ya rera ya koma, labarin bai motsa ba. Yanzu sa Pete Townshend na The Who a gefe. Albam ɗinsu Tommy ya fito tun 1969, duniya ta san shi, da ya so sai ya ce kar a taɓa ko harafi ɗaya. Sai ya zauna da darakta Des McAnuff suka warware labarin suka sake ɗinka shi, har ƙarshensa suka canza, aka gwada a California a 1992 kafin a kai Broadway a 1993. Tony 5 suka ci, har da ta waƙa mafi kyau wadda ya raba da Kander da Ebb, tsofaffin hannu a harkar. Duk su biyun gwanaye ne, ɗaya ya yarda a taɓa masa aiki ɗaya bai yarda ba.

To a aikace me zaka yi?

Kafin ka rubuta layi ɗaya je ka kalli wasa, da idonka, kana zaune cikin 'yan kallo. A Ankara akwai National Theatre da aka buɗe a 1992, akwai Efua Sutherland Drama Studio a Legon inda ɗaliban School of Performing Arts ke nuna aikinsu, Alliance Française ma ana yi, a Kumasi akwai Cultural Centre. Wasannin Uncle Ebo Whyte na Roverman suna da waƙa da rawa a ciki, je ka gani ko da ba irin kiɗanka bane. In ka zauna kar ka tsaya kan ko mai bes ya iya ko bai iya ba, na san halinmu. Kalli daidai lokacin da waƙa ke shigowa. Me aka faɗa kafin ta? Bayan ta ƙare me ya canza a labarin? In babu abin da ya canza to waƙar nan ado ce kawai, kuma ita ce darakta zai fara yankewa.

Nan ne aikin yake, dan haka bari in daɗe a kai. Waƙar rok da ka saba rubutawa tana kama yanayi ɗaya ne ta yi ta juya shi, baiti, amshi, baiti, amshi, solo, amshi. Kana cikin fushi a farko kana cikin fushi a ƙarshe, kuma hakan daidai ne a filin konsat dan mutane sun zo su yi tsalle ne su rera amshin tare da kai. A wasan siteji mai rera waƙar ba kai bane, wani mutum ne cikin labarin wanda yake son wani abu kuma akwai abin da ya tare shi. Mu ce kana rubuta wa wata yarinya 'yar kaya da ta sauka daga arewa tana ɗaukar kaya a Kantamanto, an aiko mata ta koma gida a yi mata aure. Farkon waƙar tana cewa zan koma, Baba ya kira ni. Baiti na biyu ta tuna kuɗin da take tarawa na keken ɗinki. Kafin waƙar ta ƙare ta yanke shawara bata komawa, ko ta yanke zata koma ɗin amma da sharaɗi. Amshin zai iya zama kalmomi iri ɗaya duk sau ukun, amma na ukun dole ma'anarsa ta sha bamban da na farkon dan ita kanta ta canza. Kuma da bakinta zata yi magana, ba da naka ba. In ka sa mata manyan kalmomin da kai ka ji daɗinsu a ɗakinka, 'yan kallo zasu gane ƙarya ce nan take. Tambayi kanka a kowace waƙa, wa ke rerawa, wa yake faɗa wa, me yake so, me ya samu ko ya rasa kafin kiɗa ya tsaya. Rubuta amsar a saman takarda kafin ka taɓa jita.

Sai maganar ƙara, wadda ita ke haɗa faɗa tun ranar farko. A konsat in ba a ji kalma ba babu damuwa, an san waƙar daga waya. A wasa sau ɗaya tak ɗan kallo zai ji layin nan, in ya wuce shi labari ya wuce shi. Saboda haka amf ɗinka ba zai fuskanci jama'a ba, juya shi gefe ko ka ɗora a kujera yana kallon kunnenka, ka bar mai sauti ya sa mayik ya sarrafa daga tebur. Mai dram ya nemi sanduna marasa nauyi ko burushi, in da hali a sa masa katangar gilas ɗin roba, in babu ko bargo ne a cusa cikin babban dram ɗin ƙafa. Lokacin da ake rera baiti ka danne igiyoyin da gefen tafin hannu, ka bar wutar sai wajen da babu magana. Kuma distoshin, wato kaushin sautin jitar rok, da muryar mutum wuri ɗaya suke zama a kunne, suna cin juna, dan haka rage tsakiyar sautin jitar in ana waƙa. Gwaji mai sauƙi, ka kira wani wanda bai taɓa jin waƙar ba, ƙanwarka ko mai shayin bakin layi, ka zaunar da shi a kujerar ƙarshe, in an gama ka ce ya faɗa maka abin da yarinyar ta ce. In ya kasa, kai ne zaka rage, ba ita zata ƙara ihu ba. Ka tuna 'yan wasan Broadway sau 8 suke wasa a sati, muryar da ake yagewa kowane dare bata kai wata. Mu nan ko wasa biyu ake yi a rana ɗaya ranar Asabar da Lahadi, in ka rubuta waƙar a makullin da ya yi wa mai rerawa sama, na biyun zaka ji murya ta dushe. Sauke makullin, ba raini bane.

Ka koyi jiran kiyu, wato alamar da ke gaya maka ka fara kiɗa. Wannan yana ba 'yan band wahala sosai dan mun saba mai dram ya ƙirga huɗu mu faɗa. A nan wata kalma ce daga bakin ɗan wasa, ko fitila ta canza, ko daraktan kiɗa ya ɗaga kai. Akwai abin da suke kira vamp, wato ku yi ta maimaita bar biyu ko huɗu a hankali ƙasa ƙasa har ɗan wasa ya gama maganarsa, yau zai iya ɗaukar zagaye uku gobe shida dan 'yan kallo sun yi dariya sun daɗe, idonka na kan daraktan kiɗa ba kan igiya ba. Ka zo da fensir, ba biro ba, dan abin da aka ce yau gobe za a goge. Solo ɗinka na minti biyu zai koma bar takwas, watakila ma ya zama lokacin da ake janye tebur da kujeru daga siteji, kar ranka ya ɓaci, ka sa duk abin da kake da shi cikin takwas ɗin. Kuma abin da kuka tsayar a rihaza shi zaka buga kowane dare, dan mai fitila da masu rawa sun ƙirga a kansa, in ka ƙara bar ɗaya dan daɗi ya kwashe ka to ka bar mutum tsaye cikin duhu.

In baka karanta nota ba laifi, da yawa cikin manyan nan ma ba su karantawa. Amma nemi wanda ya iya ya zama gada tsakaninku. Green Day da aka mayar da albam ɗinsu American Idiot wasa a 2009 ya hau Broadway a 2010, Tom Kitt ne ya zauna ya tsara waƙoƙin dan muryoyi da yawa, darakta Michael Mayer ya gina labarin. A nan Gana masu kibod na coci da ɗaliban kiɗa na Legon da Winneba suna da wannan ilimin, ka je da girmamawa ka ce yaya ina son ka taimaka min, ka biya shi haƙƙinsa, ka sa sunansa a fosta.

Kar kuma ka ɗauka suna zai cece ka. Bono da The Edge na U2 sun rubuta waƙoƙin Spider-Man: Turn Off the Dark, an kashe kusan dala miliyan 75, wasan gwaji kaɗai sau 182 aka yi kafin a buɗe a Yunin 2011, 'yan wasa sun ji rauni, an cire darakta Julie Taymor, kuma lokacin da ake wannan fama Bono da The Edge sau da yawa suna yawon konsat a wata nahiyar. An rufe a Janairun 2014 da asara mai yawa. Sting ya rubuta The Last Ship kan masu ƙera jirgin ruwa na garinsu, aiki ne daga zuciya, da tikiti ya ƙi tafiya shi da kansa ya shiga cikin 'yan wasa a ƙarshen 2014, duk da haka aka rufe a Janairun 2015. Elton John da ya ci nasara da The Lion King da Aida da Billy Elliot, shi ma Lestat ya faɗi masa a 2006. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne zama a ɗakin rihaza. Waƙar wasa ba a aiko ta ta WhatsApp a tafi, sai kana wurin ka ga ɗan wasa ya kasa numfashi a layi na uku ka gyara nan take.

Masu sharhi kuma ka saurare su amma kar su hana ka barci. We Will Rock You da aka gina kan waƙoƙin Queen, jaridun Landan sun yi masa kaca kaca a 2002, ya zauna a Dominion Theatre shekara 12. Ni dai a ganina masu sharhin suna da gaskiya kan raunin labarin, jama'a kuma suna da gaskiya kan daɗin waƙoƙin, amma kai baka da tarin waƙoƙin da duniya ta haddace kamar Queen, dan haka wannan hanyar ba taka bace, labarinka dole ya tsaya da ƙafarsa.

Wani abin da ke saurin ɓata mutum a wannan harkar shi ne taɓa abincin makaɗa. David Byrne na Talking Heads ya so ya kai Here Lies Love Broadway a 2023 da kiɗan da aka riga aka ɗauka, ƙungiyar makaɗa ta New York ta tashi tsaye, sai da aka daidaita kan makaɗa 12 masu bugawa kai tsaye. A nan ma in ka zo da laftop ka ce ba a buƙatar mai ganga da mai kaho, ka yi abokan gaba kafin a buɗe labule. In kuɗi ne babu, faɗi gaskiya, ku rage band ɗin zuwa mutum huɗu. Ga kuma dumso, in wuta ta ɗauke laftop da sifika sun mutu, amma mai ganga da jitar katako zasu riƙe wasan har janareta ta tashi, dan haka kowace waƙa ku tanadi yadda za a yi ta babu wuta.

Yanzu abin da ya fi min muhimmanci. Duk wannan sassautawar da nake cewa ka yi, ban ce ka zubar da sautinka ba, kuma ban ce ka kwaikwayi Broadway ba. Mu a ƙasar nan haɗa band da wasa ba baƙon abu bane. Konsat fati tun zamanin kakanni haka yake, E.K. Nyame ya haɗa band ɗin jitarsa da 'yan wasa a Akan Trio tun 1952, ana wasa ana saka hailaif a tsakiyar labari daidai inda maraya zai yi kuka ko mugu zai sha kunya, suna yawo gari gari a mota. Dokar hana fitar dare ta farkon shekarun 1980 ta karya harkar sosai, daga baya Key Soap Concert Party ya dawo da ita National Theatre da talabijin. Efua Sutherland ta gina salon wasanta Anansegoro kan yadda ake katse tatsuniya da waƙa, Mohammed Ben Abdallah ɗan Kumasi ya ci gaba da wannan hanyar da kiɗa da rawa a cikin wasanninsa. Rok ɗin ma muna da namu, Osibisa da Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio suka kafa a Landan a 1969, ga Santana da ya buga a Black Star Square a Soul to Soul ranar 6 ga Maris 1971. Kuma da Fela! ya hau Broadway a 2009, band ɗin a kan siteji yake ana ganinsa, afrobit ɗin bai zama ruwa ruwa ba, aka ci Tony 3. To kai ɗan zango kana da abin da babu mai shi, kalangu da gangar Dagomba da goge da kake ji a suna da biki tun kana yaro, ga salon amshi na waƙoƙin gidan biki wanda 'yan kallo ke kamawa ba sai an koya musu ba. Sa jitarka ta yi amsa da kalangu kaga yadda wurin zai tashi. Harshe kuma ka gauraya yadda muke magana a layi, Hausa da Twi da broka, amma layin da labari ya rataya a kansa a faɗe shi da harshen da yawancin masu zama a wurin ke ji, ko a maimaita shi sau biyu.

Ka san gidan da ka fito kuma. Wasu cikin 'yan wasanka iyayensu da kyar suka bar su, in aka ga rihaza tana cin magariba ko ana kaiwa sha biyun dare, yarinya zata daina zuwa kuma ba laifinta bane. Tsara lokaci da hutun salla a ciki, a tashi da wuri, in da hali ka je ka gaida iyayen ka yi musu bayanin labarin da bakinka. Abin da ya shafi addini da sarauta ka nemi shawarar manya tun labarin yana takarda.

Fara da ƙarami. Wasa na minti 20, mutum uku, waƙa uku, a ajin makaranta ko ɗakin taro na unguwa, kujerun roba, ka gayyaci mutum kaɗan waɗanda zasu faɗa maka gaskiya har da wani daga Legon in zaka samu. Ka tsaya a baya ka kalli 'yan kallo ba siteji ba, duk inda ka ga an fara ciro waya ka sa alama, wurin nan ne zaka gyara ko ka yanke, ko da waƙar da ka fi so ce. Wadda aka yanke ka ajiye ta wa band, bata mutu ba.

Maganar kuɗi a yi ta tun kafin rihaza ta farko, a rubuce, ko da furodusan abokinka ne na bes ɗaya. Wa ke da waƙoƙin in wasa ya ƙare, nawa ne kuɗin rubutawa, nawa ne na bugawa kowane dare dan abu biyu ne daban, kuɗin mota na rihaza wa zai biya, in aka ɗauki bidiyo aka sa a YouTube ko aka kai wasan Kumasi ko Tamale me zaka samu. Ka yi rajistar waƙoƙinka da GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu a Gana, ka riƙe kwafin takardar da kowa ya sa hannu, kuma in an turo maka kuɗi ta momo ka ajiye saƙon.